Yaro, Gawayi da Bango: Nazari a Kan Zanen Ƙananan Yara a Gidajenmu



Na tabbata akwai waɗanda da suka ga kan wannan lacca a allon sanarwa sai da suka yi murmushi, suna cewa a ransu ashe har jagwalgwalon da yaro yake yi a jikin bango ya isa a tara manyan mutane a kansa a jami'a. To, ya isa. Dalili kuwa shi ne, ranar da yaro ya fara ɗaukar gawayi ya ja layi a bango, ranar ce ya fara shiga sha'anin rubutu, kuma irin tarbar da manya suka yi masa a wannan rana takan bi shi har makaranta. A wani gida akan yi dariya a wuce. A wani gida akan ɗauko tsumagiya. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya ta uku, ita ce maƙasudin wannan lacca. Zan ɗauki garin Kongolam na ƙasar Daura a matsayin wurin misali, amma abin da za a faɗa ya shafi Kano da Katsina da Zariya da Damagaram baki ɗaya.

Kalmar zane

Da yake Hausa nake koyarwa, ku yi mini uzuri in fara daga kalma. Aikatau ɗin nan "zana" yana da faɗi ƙwarai a bakin Bahaushe. Magini yana zana bango. Wanzami yana zana fuska, shi ya sa ake kiran tsagar gado zane. Mai ƙwarya tana zana ƙwarya, baduku yana zana fata, alaramma yana zana allon sauka, wanda ake kira zayyana. A duk waɗannan wurare zane abin yabo ne, sana'a ce da ake biyan mai yinta. Amma daga wannan tushe ɗaya ne aka sami "zane" mai ma'anar duka da bulala, saboda bulala tana barin layi a jiki kamar yadda gawayi yake bari a bango. Saboda haka a Hausa ana iya cewa yaro ya yi zane, uba ya zane shi, kalma ɗaya ta ɗauki laifin ta kuma ɗauki hukuncin. Ga wanda zai rubuta jarrabawa, a lura cewa wannan ba shi ne zanen ɗaurawa ba, domin wasalin farko na zanen mata gajere ne, na wanda muke magana a kai kuwa dogo ne.

Kayan rubutu kuma sunayensu suna ba da tarihin zuwansu. Allo da alƙalami daga Larabci suke. Kalmomin karatu da rubutu su kansu, Joseph Greenberg ya kawo hujja a 1960 cewa ta hanyar Barebari suka shigo mana. Fensir ya zo tare da Turawan Ingila, biro kuwa sunan mutumin ƙasar Hangari ne wanda ya ƙago shi, 'yan'uwanmu na Nijar su kuma suna cewa bik, da sunan kamfanin Faransa mai yin sa. Gawayi kaɗai ne ba baƙo ba a cikinsu, kuma shi ne alƙalamin farko na ɗan Bahaushe, domin yana nan a murhu, ba a sayensa, ba a kulle shi.

Bango iri uku a gari ɗaya

Kongolam gari ne na bakin iyaka a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, a masarautar Daura. Wanda ya ƙetare shingen kwastan ya shiga Ɗan Barto ta Jamhuriyar Nijar, hanya ta miƙe da shi Matamaye har Damagaram. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne, a irin wannan gari mutum yakan ga tarihin gininmu a jere cikin tafiyar 'yan mintoci. Akwai gidan danga da zana, akwai gidan ƙasa na tubali, akwai kuma gidan bulo da siminti mai fenti, wanda galibi 'yan kasuwa suke ginawa, ma'aikatan kwastan da na shige da fice da malaman makaranta suke kama haya a ciki.

Yaron gidan zana ba shi da wannan matsala, domin zana ba ta karɓar zane. Yaron gidan ƙasa yana yi, amma ba a ɗauke shi laifi mai girma ba, saboda bangon ƙasa abu ne mai sabuntuwa. Kafin damina ko bayanta akan yi yaɓe, a shafe da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, masu hali kuma su yi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Duk abin da yaro ya zana bana, baɗi yana ƙarƙashin sabon shafe. Bangon siminti kuwa ba haka yake ba. Fenti da kuɗi ake saye, mai fenti da kuɗi ake kira, kuma sau da yawa gidan ma ba na uban yaron ba ne. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, ranar da zai miƙa mabuɗi mai gida zai zagaya ɗaki ɗaki yana duba bango, kuma kowa a nan ya san yadda irin wannan zagaye yake ƙarewa.

Akwai abu na biyu da ya canza wanda ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina ya fi na farko muhimmanci, watau tsakar gida. Ƙasar Daura jigawa ce, rairayinta mai laushi ne. A da yaro yana buɗe ido yake ganin shimfiɗaɗɗen allo daga ƙofar ɗakin uwarsa har zaure. A kansa yake jan yatsa, a kansa 'yan mata suke zana gidajen 'yar gala-gala, a kansa manya suke haƙa gurabun dara. Iska ko tsintsiya ta shafe, gobe a sake. Yau mun malale tsakar gida da siminti, masu kuɗi sun sa tayil, mun kuma hana yaro fita waje saboda babura da motoci. Mun karɓe masa ƙasa ba mu ba shi madadinta ba. Halin yaro yana nan yadda yake tun kakanni, muhallinsa ne muka sauya, sa'an nan muka juyo muna tuhumarsa da ta'adi.

Me ya sa yake yi?

Masana tarbiyyar yara sun daɗe suna bin wannan al'amari, kuma abin sha'awa shi ne nazarin ma daga bango ya faro. Wani masani ɗan Italiya, Corrado Ricci, ruwan sama ya tsare shi a ƙarƙashin wata rumfa a birnin Bolonya, ya tsaya yana kallon zane-zanen da yara suka yi a bangon wurin, ya lura cewa na ƙasa ƙasa, watau na ƙananan yara, suna da tsari nasu dabam da na sama. Daga nan ya shiga tattara zanen yara, littafinsa ya fito a 1887. Bayansa Georges-Henri Luquet na Faransa ya bi zanen 'yarsa shekara da shekaru. Viktor Lowenfeld ya fitar da littafinsa a Amurka a 1947, inda ya kasa girman yaro a zane zuwa matakai, ya sa matakin jagwalgwalo tsakanin shekara 2 zuwa 4, matakin fara siffanta abubuwa kuma tsakanin 4 zuwa 7. Rhoda Kellogg ta tara zanen yara kimanin miliyan ɗaya daga ƙasashe da yawa, ta nuna a 1969 cewa abin da muke kira shirme yana komawa ne ga ire-iren layi guda 20, waɗanda daga cikinsu ake gina kowane harafi da kowace sura.

Abin da aka fahimta daga waɗannan ayyuka ana iya faɗinsa da Hausa mai sauƙi. Yaro yakan fara jan layi wajen wata 15 zuwa 18 da haihuwa. A lokacin ba yatsunsa suke aikin ba, kafaɗarsa ce, domin ikon sarrafa hannu daga kafaɗa yake saukowa zuwa gwiwar hannu, zuwa wuyan hannu, kafin ya iso yatsu. Wanda yake rubutu da kafaɗa kuwa 'yar takarda ba ta isarsa, fili yake so mai faɗi, kuma a tsaye, daidai idonsa. A duk gidan babu abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa kamar bango. Wajen shekara 3 yakan iya kwaikwayon da'ira, wajen 4 ya iya gicciya layi biyu. A wannan tsakani ne mutumin nan na yara yake bayyana, mai ƙaton kai da ƙafafu biyu suna fitowa daga haɓa, ba ciki ba wuya. Ɗan Kongolam da ɗan Landan da ɗan Tokiyo duk shi suke fara zanawa, ba tare da wani ya koya musu ba. Bambanci sai daga baya yake shigowa, lokacin da kowa ya fara zana abin da idonsa ya saba gani. Yaron bakin iyaka, wanda manyan motoci masu ado suke wucewa ta gabansa dare da rana, da shanun da ake kaiwa kasuwar Mai'aduwa, ba abin mamaki ba ne mota da sa su riga komai hawa bangonsa.

Wani gwaji da James Gibson da Patricia Yonas suka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 ya ƙara haske. Sun ba ƙananan yara abin rubutu iri biyu masu kama da juna, ɗaya yana barin alama ɗaya ba ya bari. Yaran suka riƙa yar da wanda ba ya bari da wuri. Ma'ana, daɗin abin yana ga ganin alamar. Yaro ya gano cewa shi ma yana iya yin abu ya tabbata a duniya bayan ya ɗauke hannunsa. Wannan ba ƙaramin ganowa ba ne ga mutumin da bai daɗe da fara tafiya ba, kuma shi ne ainihin abin da marubuci yake nema har ya tsufa.

Al'amarin kuma tsoho ne. A kogon Rufinyak na ƙasar Faransa akwai layukan da aka ja da yatsu a jikin laka tun kimanin shekara 13,000 da suka wuce. Da aka auna faɗin yatsun sai aka ga wasunsu na ƙananan yara ne, kuma wasu suna can sama inda yaro ba zai kai ba sai in babba ne ya ɗaga shi.

Wa ya koya masa?

Kafin mu ɗora wa yaro laifi, ya kamata mu zagaya garin mu ga su wa suke rubutu a bango. Ma'aikatan rigakafin shan inna sun yi shekaru suna bin gida gida, suna rubuta alama da alli a jikin ƙofa ko katanga. Masu ƙidaya sun rubuta lamba a 2006. Ma'aikatan wutar lantarki suna rubutawa. 'Yan siyasa suna cika katangar mutane da fenti da hotuna ba tare da sallama ba. Mai gida da kansa yakan rubuta gargaɗi ga masu fitsari a lungu. A cikin gida kuma uwa takan ja layi da gawayi a bayan ƙofa don lissafin adashi ko bashin mai nono, uba yakan rubuta lambar waya a bango in takarda ta yi nisa. Yaro yana kallon duk wannan. Ta yaya ɗan shekara biyu zai gane cewa allin ma'aikacin gwamnati aiki ne, gawayinsa shi kuma ɓarna?

Har ila yau mu al'umma ce da ta ɗaukaka zanen bango. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau da girmamawa ake ambatonsa. Fadar Sarkin Daura tana cikin gine-ginen da masana suke zuwa daga nesa su duba. Unguwar Birni ta Damagaram an san ta da gidaje masu zane. Anthony Kirk-Greene ya yi ɗan littafi a 1963 a kan zanen gidajen Zariya, inda magina ba su tsaya ga dagi da takobi ba, har keke da mota da jirgin sama suka ɗora a fuskar gida. Ku duba, keke da mota da jirgi, watau daidai abubuwan da yaro yake zanawa a zane shi. Bambancin magini da yaro izini ne da wuri. Shi kuwa izini da wuri abubuwa ne da ake koyarwa, ba a haihuwar kowa da saninsu.

Hikimar allo

Kakanninmu ba su karanta Lowenfeld ba, amma sun warware matsalar da wani ɗan katako. Allo fili ne da aka ce wa yaro naka ne. Yana da iyaka, ana riƙe shi a tsaye a kan cinya, ana rubutu da tawadar da aka yi da gawayi ko baƙin tukunya da ƙaro, a wanke a sake. Kolo yana fara babbaƙu da haruffan da aka raɗa wa sunaye masu siffa, irin su lam-jaye da ha-ƙuri da ɗa-mai-sa-hannu, watau an mayar da harafi hoto don ya zauna a kan yaro. A ƙarshen tafiyar kuma, ranar sauka, allon nan ne ake ƙawatawa da zayyana. Ashe makarantar allo ba ta kashe sha'awar zane ba, mazauni ta ba ta. A makarantun boko na Nijar ma ɗan allon hannu yana da babban matsayi, malami ya yi tambaya kowa ya rubuta ya ɗaga, a goge a ci gaba.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Maria Montessori. A unguwar San Lorenzo ta birnin Rum wani kamfani ya gyara gidajen haya na talakawa. Iyaye suna fita aiki, ƙananan yara suna wuni ba mai kula da su, suna ɓata bango da matakala. Masu kamfanin suka ga tara yaran a ɗaki ɗaya ya fi musu araha a kan maimaita fenti. A kan haka aka buɗe gidan yara na farko ran 6 ga Janairu, 1907, aka damƙa shi ga wannan likita, ita kuwa ta ba yaran abin taɓawa da abin zanawa da haruffa masu kaushi da ake bi da yatsa. Tsarin da ya fito daga wannan ɗaki ya bazu a duniya, har a Kano da Kaduna akwai makarantu masu amfani da sunanta. Asalinsa kuwa ƙorafin mai gidan haya ne a kan bango.

Batun duka

Na san a cikinku akwai mai cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma karin maganar tanƙwarawa ta ce, kuma duk wanda ya taɓa yin baka ya san iccen da aka yi wa gaggawa karyewa yake yi. Ɗan shekara biyu ba ya iya riƙe doka a ransa daga safe zuwa yamma, balle ya haɗa dukan da aka yi masa da magariba da zanen da ya yi da hantsi. Abin da yake koya ɗaya ne daga cikin biyu: ko ya koma yi a ɓoye, a bayan gado ko ƙarƙashin tabarma, ko kuwa ya ɗauka cewa riƙe abin rubutu shi ne laifin. Na biyun ya fi muni, domin wannan hannu ne za mu kai makaranta bayan shekara uku mu ce ya riƙe fensir da ƙarfin zuciya. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekara 50 wanda ya shafi yara fiye da 160,000, ba su sami shaidar cewa duka yana gyara hali ba, sai ma suka ga yana tafiya tare da ƙaruwar taurin kai.

Wanda bai gamsu da Turawa ba, to ya duba namu. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito a kan salla ya sa umarni a shekara bakwai, bai ambaci duka ba sai a shekara goma. In salla, wadda take ginshiƙin addini, an yi wa yaro wannan jinkiri a kanta, ina hujjar zane ɗan shekara biyu a kan fenti? Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, malamin Malikiyya wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara inda ya ƙuntata hukuncin duka ƙwarai. Ibn Khaldun kuma ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa yana bayyana cewa tsanantawa tana cutar da mai koyo, tana koya masa ƙarya da ɓoye-ɓoye.

Abin da ya kamata a yi

Farko dai a ɗauke kayan. Biro da tawada da jan baki da tandun kwalli su hau inda hannu ba ya kaiwa, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga ku ma'aikata musamman, fayil ɗin ofis da takardar shaidar makaranta da fasfo ba kayan ajiyewa a kan tabarma ba ne. Yaro bai san bambancin takardar filin gado da bayan tsohuwar kalanda ba.

Sa'an nan a ba shi wurinsa, kuma wannan shi ne zuciyar maganar. Wanda yake gidansa na kansa ya zaɓi wani yanki na katangar tsakar gida, daidai tsayin yaro, ya shafa masa baƙin fenti, ya ja masa iyaka, ya sayo alli. Wanda yake haya ya jingina faifan katako ko ya buɗe babban kwali ya ɗaure a bango. A zuba rairayi mai tsabta a faranti ko a wani lungu. Da bazara ma ana iya ba shi ruwa a gwangwani da ɗan tsumma ya yi ta zane a katanga, rana ta shanye kafin ya juya. Wuri ƙarami a kan tebur ba ya wadatar da ɗan shekara biyu, saboda dalilin kafaɗa da muka ambata a baya.

In an kama shi yana yi a inda ba a so, magana gajera ta isa, kuma a lokacin: ba a nan ba, ga wurinka. A kama hannunsa a kai shi. Za a maimaita wannan sau da yawa, kada a gaji, haka koyo yake a wannan shekaru. In ya kai uku ko huɗu a ba shi tsumma a goge tare, ba da faɗa ba, don ya san abin da aka ɓata ana gyara shi. In kuma ya yi a wurinsa, a tsaya a duba. Kada a ce masa mene ne wannan, domin tambayar tana nuna ba a gane ba. A ce ya ba da labarinsa, za ku sha mamakin abin da yake cikin layukan nan.

Wahalar da gidan Bahaushe yake da ita a nan ita ce yawan masu hukunci. Uba ya hana, uwa tana kunyar ɗan fari ba ta ko kama sunansa balle ta kwaɓe shi, kaka kuwa ta ce a ƙyale mata mai gidanta ai gidansa ne, yayye su kuma su ne ma suke miƙa masa biro. Yaro mai wayo ne, yana gane ƙofar da take buɗe. Dole manyan gida su daidaita a kan magana ɗaya, kuma su ma su daina lissafi a bayan ƙofa. In yaro ya haura shida yana yi da gangan, to a duba wani abu dabam, wataƙila an yi masa ƙane hankali ya koma can, wataƙila kuwa littafin rubutu ne ba shi da shi.

Akwai wata gaɓa da ta shafi addini. Yaron da ya fara makarantar allo yakan so ya gwada abin da ya koya a ko'ina, har a bangon makewayi ko a ƙasa inda ake takawa. Wannan kam a hana shi, amma da bayani, yadda malamai suke koya wa almajirai inda ake zuba ruwan wankin allo. Littafin ɗan Sahnun ma ya taɓo ladabin goge allo. Dangane da zana mai rai, malamai suna da maganganu a kai, kuma da yawansu sun yi sauƙi ga wasan yara bisa hujjar 'yan tsanar Nana A'isha. Mai son tafsili ya koma ga malaminsa.

Goge bango da abin da ya fi bango tsada

Gawayi a fara kakkaɓe shi a bushe, domin in aka sa ruwa da farko shiga fenti yake yi. Alli ruwa ya ishe shi. Fentin mai yana jure sabulu da soso, fentin ruwa kuwa yana bin tsumma, saboda haka mai ƙananan yara in zai yi fenti gara ya sa na mai daga ƙasa zuwa tsayin ƙirji. Biro yana fita da sifirit, a fara gwadawa a lungu. Wasu suna amfani da kananzir, kuma a nan nake roƙonku ku yi hattara, domin shan kananzir da aka zuba a kwalbar lemo yana cikin manyan hanyoyin da guba take kai ƙananan yara asibiti a ƙasar nan.

Haka kuma a lura da abin da yaro yake zanen da shi, domin hannunsa daga bango baki yake zuwa. Yara sukan fasa tsohon batir su ciro baƙin cikinsa, abin da yake ciki kuwa ba na taɓawa ba ne. Kwalli na dutse yakan ƙunshi dalma. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri, da aka auna tozalin da aka kawo masa daga Nijeriya sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Fentin mai ma akwai wanda ake haɗawa da dalma, kuma haɗarinsa yana ƙaruwa in ya tsufa ya fara ɓarewa. Mutanen Arewa ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan guba bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu ta hanyar ƙurar dutsen zinariya. Kaɗan ɗinta ma, wanda ba ya kwantar da yaro, yana rage masa kaifin fahimta. Saboda haka in kun ga yaro ya bar zane ya koma ƙwaƙular bango yana ci, wannan ba ƙiriniya ba ce ta tsawa. Sau da yawa alama ce ta ƙarancin jini, a kai shi asibiti a auna.